Ruwa cike da kifi, masunta ba na sayarwa: nazarin lamarin wani tafki a ƙasar Adar

Wurin da mutanensa

Tafkin yana cikin wani kwari na ƙasar Adar, a jihar Tawa. Babu kogin da ke ciyar da shi. Ruwan sama ne ke gangarowa daga duwatsu da fako ta ƙoramu, ya taru a gindin kwarin daga Yuli zuwa Satumba, daga nan kuma sai a shiga cin abin da aka tara: rana ta sha nata, iska ta sha, shanu da raƙuma su sha, injinan masu albasa su ja. A wannan yanki ruwan da ke sauka a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, alhali abin da rana da iska ke ɗauka daga buɗaɗɗen ruwa ya haura mita biyu. Duk tafkin da zai kai wata damina da ruwansa, to yana da wani wuri mai zurfi. Nan ma akwai shi, wani gurbi a gefen yamma wanda a ƙarshen damina yake shanye dogon mutum har da hannunsa a miƙe.

Irin waɗannan tafkuna ba ƙaramin abu ba ne a jihar. Na Tabalak da na Dan Dutsi sun shiga jerin dausayoyin Ramsar, yarjejeniyar duniya ta kare dausayoyi, tun 2005. Wanda muke magana a kansa bai kai su girma ko suna ba, amma gidaje da yawa da shi suke rufa asiri: masunta ƴan gari, baƙin masunta da ke zuwa daga wajen Sakkwato da Kabi idan ruwa ya kwanta, mata masu suya da banda, da dillalan da ke kai ɗanye Tawa da sassafe.

Kafin matsalar, abin da taru ke fitarwa kashi bakwai ne: karfasa, tarwaɗa, gaiwa, kurungu, ragon ruwa, bargi da giwan ruwa. Gaiwa da tarwaɗa tsofaffin ƴan gida ne. Sauran an zuba su ne a shekarun baya, a lokuta daban-daban, daga wurare daban-daban, kamar yadda ma'aikatan ruwa da gandun daji suka saba yi wa tafkunan ƙasar. Ba wanda ya ɗauki wannan warwatsuwar asali a bakin komai a lokacin.

Ƙafewa

Daminar 2011 ta yi gardama a yawancin Nijar, Adar kuma tana cikin wuraren da suka ji jiki. Tafkin bai kai rabin cikarsa ba. Masu lambu, da yake hatsi bai yi ba, suka ƙara faɗin albasa don su cike giɓi, injina suka ƙaru a baki. Zuwa Afrilu ruwan ya koma gurbi kaɗai, a watan Mayu gurbin ma ya zama taɓo.

Kifayen sun mutu ne bi da bi, kuma jerin mutuwarsu ya zama abin amfani daga baya. Giwan ruwa ya riga kowa, don ba ya jure ruwa mai zafi da ƙarancin iska; an wayi gari an ga manya sun juya ciki sama. Ragon ruwa ya bi, sannan kurungu da bargi, sannan karfasa. Tarwaɗa ta daɗe tana mutsu-mutsu a laka, saboda tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iskar sarari da ita. Yara da mata suka kwashe ta da hannu. Gaiwa kuwa ta yi abin da ta saba: ta nutse cikin taɓo, ta naɗe kanta da majinar jikinta, ta bar ƴar ƙofar numfashi, ta kwanta jiran ruwa.

Da damina ta dawo tafkin ya cika. Gaiwa ta fito, ƴar tarwaɗa kaɗan ta biyo ƙorama daga wasu kududdufai na sama. Sauran biyar ɗin babu ko ɗaya.

Shekara ta farko: ganga biyu na ƴaƴan karfasa

Ƙungiyar masunta ba ta jira kowa ba. Suka yi karo-karo, suka je wurin wani mai lambu da ke kiwon karfasa a kwalbatin siminti, suka sayo ƴaƴa ganga biyu, dubbai, kowanne bai wuce tsawon gaɓar yatsa ba. Aka zuba a watan Agusta, aka yi addu'a, aka hana kamun kifi har wata shida.

Da farko abin ya yi kyau ƙwarai. Ruwan sabo ne, ya kwanta a kan ƙasar da dabbobi suka yi wata da watanni suna takawa suna zuba taki, abinci ya wadata, kuma kusan babu mai cin ƴaƴan. Karfasa ta yi girma da sauri. Da aka buɗe su a cikin sanyi, kalli, wato ragar da kifi ke maƙalewa a idonta, mai ido yatsu huɗu yana fitar da kifi mai cika tafin hannu. Sarkin ruwa ya sha yabo.

Shekara ta biyu da ta uku: kifi ya tsuke

Alamar farko daga wajen mata ta fito. Wata dattijuwa mai suya tana gyaran kifi a bakin tafki, ta ɗauki wata karfasa da ba ta fi yatsu uku faɗi ba, ta matse mata kumatu, sai ga ƙwai rawaya sun zubo mata a tafi. Ta kira wani matashin masunci da ke shanya kalli.

"Kai yaro, zo ka gani. Wannan jaririyar ce ke da goyo?"

"Inna, ai duk haka suke yanzu. Kowacce ka kama, bakinta cike."

Halin karfasa ke nan. Namiji ya share ɗan rami a ƙasa, mace ta zuba ƙwai ɗaruruwa, ta kwashe su a baki ta riƙe kusan mako biyu, har ƴaƴan su iya iyo. Duk tsawon wannan lokaci ba ta cin abin kirki. Idan ruwa da ɗumi, bayan ƴan makonni ta sake. A ruwan da ke da maciya kifi, yawancin ƴaƴan ba sa kai ko'ina, waɗanda suka tsira kuma su samu abinci su girma. A ruwan da babu mai cin su kuwa, kusan kowa ya rayu, abinci ya kasa, sai kifin ya soma haihuwa tun yana ƙarami, ƙarfin da zai tafi ga tsoka ya tafi ga ƙwai.

Masunta suka bi kifin ƙasa. Mai ido huɗu ya daina kamu, aka koma uku, daga uku aka koma biyu, wasu har da gidan sauro da dare. Kalli kuwa wanda ya fi girma yake fara riƙewa, don haka kullum waɗanda suka fi saurin girma ake cirewa, ana barin masu nawa su ci gaba da haihuwa. Dillalan Tawa suka daina zuwa. Baƙin masunta suka naɗe kayansu suka nufi wasu tafkuna. Cikin kamun kuma aka fara ganin wasu masu karkataccen baya, wasu murfin kunnensu bai rufe ba, jan naman yana waje.

Abin da aka gwada na farko: rufe tafki da zuba dusa

Shawarar da ta fi rinjaye a taron ƙungiya ita ce an matsa wa kifin, a bar shi ya huta. Aka rufe su gaba ɗaya daga kaka har bazara. Wasu suka ƙara da cewa yunwa ce, aka riƙa zuba dusa da kashin awaki buhu-buhu a gefen da kifin ke taruwa.

Rufewar ba ta ƙara wa kifin ko yatsa ɗaya ba, sai ma yawa da ta ƙara masa. Takin kuwa ya mayar da ruwan kore shar. Gansakukar da ke sa wannan launi tana sakin iska a ruwa da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, tare da kifi da ruɓaɓɓiyar dusa. A wani dare na bazara mai zafi da babu ko motsin iska, lissafin ya kife. Da asuba aka tarar da karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, kafin hantsi gefen gabas ya yi fari da matattu. An yi kwanaki ana binnewa saboda wari, makiyaya kuma suka yi ƙorafi dabbobinsu sun ƙi shan ruwan.

Abin da aka gwada na biyu: giwan ruwa

Bayan wannan asara aka gane cewa yawa ne ciwon, sai tunani ya koma ga babban maciyi. Giwan ruwa dama shi ne kifin kuɗi, shi ne wanda masu otal ke nema, kuma ya taɓa zama a tafkin. A lokacin an turo sabon ma'aikacin ruwa da gandun daji garin, wanda ya yi karatun kiwon kifi. Ya halarci taron, ya nemi a yi hattara, ya ba su labarin tafkin Biktoriya.

Labarin ya cancanci a tsaya a kansa. Biktoriya shi ne tafki mafi faɗi a Afirka, kusan murabba'in kilomita 68,000, tsakanin Tanzaniya da Yuganda da Kenya. A cikinsa akwai ƙananan kifaye dangin karfasa sama da nau'i 500 da ba a samun su ko'ina a duniya sai can: wani katantanwa yake fasawa, wani gansakukar dutse yake kankara, wani ƙwari yake ci, wani ma ɓawon jikin ƴan'uwansa. Abin mamaki, tafkin ya taɓa ƙafewa kimanin shekara 15,000 da suka wuce, ke nan yawancin wannan rarrabuwa ta faru cikin ɗan lokaci. Binciken ƙwayoyin gado da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa kakannin kifayen sun fito ne daga cuɗanyar zuriya biyu, ɗaya ta yankin Kwango, ɗaya ta saman kogin Nilu, kuma wannan gaurayen jini ne ya ba su jarin da suka rarrabu da shi. A shekarun 1950 aka saka giwan ruwa a tafkin. Ya yi shiru na wani lokaci, a shekarun 1980 ya ɓarke, kuma ana ƙiyasin nau'i kusan 200 na ƙananan kifayen sun ɓace. Dagulewar ruwa ta ƙara nata, don matan kifayen da launi suke gane mijin nau'insu, da ruwa ya yi duhu sai wasu nau'o'in suka cakuɗe.

Sarkin ruwa ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Malam, mun ji. Amma su can ɗari biyar gare su suke tsoron asara. Mu nan me gare mu? Guda uku, ɗayan ma ya fi ƙarfinmu."

Maganar tasa tana da hujja. Giwan ruwa baƙo ne a Biktoriya, amma ɗan gida ne a kogin Kwara da tafkin Chadi, inda sauran kifaye suka daɗe da sanin yadda ake zama da shi. Ma'aikacin ya amsa cewa tsoronsa ba na abin da giwan zai ci ba ne kaɗai, har da ko shi kansa zai rayu: Biktoriya yana da wuraren da zurfinsu ya kai mita 80, nan kuwa a bazara gurbin bai kai mita ɗaya da rabi ba.

Aka kawo ƴan matasa kaɗan bayan damina. Shekara ɗaya sun yi aiki, ƙananan karfasa sun ragu a bakin gurbi, an kuma kama wasu giwaye masu ƙiba aka sayar da daraja. Bazara ta gaba injina suka ja ruwa kamar kullum, gurbin ya yi zafi, giwayen suka mutu kafin su yi haihuwar da za ta tsaya. Cikin wata shida karfasa ta cike giɓin abin da aka ci.

Shekara ta biyar: awo da bin asali

A nan aka daina zuba abu a ruwa, aka soma rubutu. Ma'aikacin da wata ɗaliba mai aikin kammala karatu suka ajiye littafi a wurin saukar kamu. Kowace ranar kasuwa a zube kamun jirage uku a kan tabarma, a ware kowane nau'i, a ƙirga, a auna tsawo da ma'aunin ƴan makaranta, a rubuta masu ƙwai da masu nakasa. Masunta sun yi ta dariya da farko. Daga baya su suka riƙa tuna wa ɗalibar idan ta manta wani jirgi.

Littafin ya nuna nau'i uku kawai, kuma cikin kowane kifi goma tara karfasa ne, yawancinsu ƙasa da santimita 12.

Abin da ya fi buɗe ido shi ne ziyarar da suka kai wa mai lambun da aka sayo irin a wurinsa. Mutumin bai ɓoye komai ba. Ya fara kiwon ne da bokiti ɗaya da wani ya kawo masa, shekaru da dama kafin nan, kuma bai taɓa ƙara wani daga waje ba. Idan kifi ya yi girma ya sayar da manyan, ragowar da suka maƙale a kwalbati su ne iyayen zagaye na gaba. A lokacin da ya sayar wa ƙungiya, iyayen da ke ciki kamar ashirin ne, maza huɗu, mata sha shida.

Masana gado suna da lissafi a kan haka. Ba yawan kawuna ake dubawa ba, sai yadda maza da mata suka daidaita, don rabin jinin kowane ɗa daga uba yake. A ninka yawan maza da na mata, a ninka da huɗu, a raba da jimillarsu: maza huɗu da mata sha shida daidai suke da iyaye 13 kacal. A irin wannan adadi, kusancin jini na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari a kowace zuriya. Da maza 50 ne da mata 50, da rabin kashi ɗaya ne kawai. Kuma wannan ƙuntatar ta yi ta maimaituwa a kwalbatin shekara da shekaru. Dubban da suka cika tafkin ba su dawo da abin da ya zube ba, sun dai yawaita ɗan abin da ya rage.

Da aka kawo bayanin gaban taro, wani dattijo mai kiwon tumaki ne ya sauƙaƙa shi. Ya ce ko shi da ba ya karatu ba ya barin rago ɗaya ya shekara uku a garke, sai ya canza shi da na wani gari, in ba haka ba ƴan raguna su riƙa fitowa da laushin ƙafa.

Shekara ta shida da ta bakwai: gyaran da ya kama

An fara da ruwa kafin kifi. A ƙarshen bazara, lokacin da gurbin ya ja baya, aka yi gayya aka yashe lakar da ta cika gefensa. Aka kafa turken ƙarfe mai jan fenti a baki, aka yi yarjejeniya gaban hakimi da magajin gari: gurbi ba a su a cikinsa ko da wane lokaci, kuma idan ruwa ya sauka ƙasa da jan fentin, injina su koma rijiyoyin lambu. Wannan shi ne sashen da ya fi wuya, don masu albasa suna ganin an fifita kifi a kansu. Abin da ya sa suka yarda shi ne ƙungiya ta ɗauki nauyin taya su haƙa rijiyoyi a gefen kwari, inda ruwan ƙasa ba shi da nisa.

Sannan iri. An daina maganar ƴaƴa, aka koma neman manyan iyaye, maza da mata daidai wa daida, daga wurare uku: kogin Kwara ta wajen Gaya, wani dauwamammen tafki na kudu, da wani na cikin jihar. Lodin farko na kogi ya lalace. An taso da hantsi, kifin cikinsu cike, tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, kafin a kai Konni fiye da rabi sun mutu a ganga. A karo na biyu aka hana su abinci kwana ɗaya, aka rage yawansu a kowace ganga, aka sa ɗan gishiri, aka taso bayan isha'i, ana tsayawa ana sauya wani ɓangare na ruwan. Kusan duka suka iso da rai. Ba a sake su nan take ba. An tsare su mako biyu a cikin keji na gidan sauro a bakin ruwa, duk wanda ya nuna gyambo ko farin gashi a jiki aka fitar da shi.

Maciyin da aka zaɓa wannan karon tarwaɗa ce, bisa abin da ƙafewar ta koyar: ita ce ta ƙarshen mutuwa. Tana cin ƴaƴan karfasa, tana jure ruwan bazara, tana kuma da kasuwa a banda. A daidai lokacin wani ɗan kasuwa ya kawo tayin ƴaƴan tarwaɗar gona daga ƙetaren iyaka da araha, masu saurin girma. An yi muhawara sosai kafin a ƙi. Dalilin ma'aikacin shi ne irin wannan galibi daga iyaye ƙalilan ake ƙyanƙyashe su, wasu ma ruwa biyu ne tsakanin tarwaɗa da wani danginta da ake kira ramboshi, an kuma saba musu da abincin buhu. Sayen su maimaita ganga biyun farko ne da wani kifi. Aka kawo ta daji. Aka kawo bargi ma, wanda ke tace laka da ƙananan halittun ruwa, yana kuma shaƙar iskar sarari, sai kurungu da ragon ruwa a shekara ta biyun gyaran, bayan an ga gurbin ya riƙe ruwa har Yuni.

Bargi ya zo da sharaɗinsa. A damina yake saƙa sheƙa zagayayya da ciyawa, mai faɗin kamar mita ɗaya, a ruwa marar zurfi, iyayen su tsaya gadi. Tarwaɗa ma a kan ciyawar da sabon ruwa ya rufe take zuba ƙwai. Don haka aka ware wani lungu na bakin tafki inda ba a yankan ciyawa, ba a kuma shayar da dabbobi daga Yuli zuwa Satumba.

Dokar su kuma aka juya ta. Rufewa ta koma watanni ukun damina kawai. Kalli ba ya sauka ƙasa da yatsu huɗu. Amma a cikin sanyi, lokacin da karfasa ke rage haihuwa saboda ruwa ya yi sanyi, ƙungiya da kanta take jan taru mai ƙaramin ido a wuraren da ƙanana ke taruwa, a kwashe su buhu-buhu, mata su shanya su daka don miya da abincin kaji, duk babbar da ta shigo tarun kuma a mayar da ita ruwa. Ganin masunci yana jefa babbar karfasa cikin ruwa da hannunsa ya ɗauki mutane lokaci kafin su saba.

Wani abu ya shigo ba da gayyata ba. Cikin lodin kogi akwai wata karfasa mai jan ciki, wadda ba ta goyo a baki, a ƙasa take zuba ƙwai ta tsare su, kuma ciyawa take ci. An lura da ita ne bayan ta riga ta hayayyafa. Ba ta girma kamar ɗayar, tana kuma gaigayar lungun da aka ware wa bargi. Ba yadda za a yi a fitar da ita.

Sakamako

A shekara ta takwas littafin awo yana nuna nau'i bakwai, idan aka haɗa da mai jan cikin. Karfasa ta sauka zuwa kusan rabin kamu, kuma wadda kalli ke riƙewa ta koma cika tafin hannu, santimita 20 zuwa sama. Masu karkataccen baya sun zama abin da ake gani jefi-jefi. Dillalan Tawa sun dawo, ko da yake ba kullum ba. Giwan ruwa bai dawo ba, kuma ƙungiya ta yanke cewa ba za a sake kawo shi ba sai gurbin ya riƙe mita biyu a watan Mayu shekara uku a jere. An sake samun damina mai rauni bayan haka. Tafkin ya tsuke sosai, gurbin bai ƙafe ba, kuma da ruwa ya dawo ba a sayi ko ganga ɗaya ba.

Me ya yi aiki, kuma don me

Ciwo biyu ne suka haɗu aka ɗauke su ɗaya. Tsukewar karfasa, a ganina, mafi yawanta daga rashin sauran nau'o'i ta zo. Ko da jininta ya fi na kowa faɗi, idan ita kaɗai ce a ruwa ba mai cin ƴaƴanta, za ta cika wurin ta tsuke. Shi ya sa hutu da dusa suka ƙara dagula lamarin, shi ya sa kuma giwan ruwa ya yi tasiri cikin shekara guda. Tunanin kawo maciyi daidai ne, zaɓin ne bai dace da zurfin ruwan ba. Tafkin Chadi ya riga ya nuna wannan: da ya ragu daga kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa abin da bai fi kashi ɗaya cikin goma ba bayan farin shekarun 1970 da 1980, kifayen buɗaɗɗen ruwa ne suka ja baya, tarwaɗa da karfasa da bargi da gaiwa suka mamaye kamu. Tafkin Adar a bazara ya fi kama da wannan Chadin na biyu.

Batun jini kuwa amfaninsa ba ya bayyana a sikeli cikin damina ɗaya. Ba a kai samfur ɗakin gwaji ba, lissafin iyaye aka bi, kuma nakasa irin wadda aka gani tana iya zuwa daga yunwa da ƙarancin iska kamar yadda take zuwa daga kusancin jini. Duka an gyara su lokaci guda. Duk da haka ina ganin kuɗin da aka kashe wajen zuwa wurare uku bai tafi a banza ba. Irin kwalbatin an shekara ana tace shi ta baya, ana cire masu saurin girma ana ajiye masu nawa, kalli mai ƙaramin ido ya ɗora daga nan. Rage cunkoso kaɗai ba zai dawo da abin da aka riga aka tsame ba. Kuma kifin da zai fuskanci sanyin Janairu da zafin Mayu da cutar da ba a san ranar zuwanta ba yana bukatar a samu wasu a cikinsa da suka bambanta da sauran.

Amma idan za a zaɓi abu ɗaya da sauran suka rataya a kansa, turken jan fentin ne. Ba don shi ba, duk iyayen da aka sha wahalar kawowa da sun bi sawun na farko a fari na gaba. Shi ne kuma ya fi rauni a yanzu. Ƙoramu suna ci gaba da zubo yashi da laka daga fakon da ba shi da itace, gurbin yana buƙatar yasa kusan kowace shekara biyu, gayyar kuma tana raguwa tun da matasa suke tafiya cirani da wuri. Shirin da aka yi na musayar iyaye da wasu tafkuna duk bayan shekara uku an yi shi sau ɗaya, na biyun ya tsaya a kan kuɗin mota. A bana kuma masu albasa sun shigar da buƙatar a sauke jan fentin da kamu ɗaya, maganar tana gaban hakimi.